Wanda Ya Amsa Ranar Laraba

Pyo Dasom ta fara sanin muryarsa kafin ta san fuskarsa.

Laraba ce da rana, wasan da ba a rububinsa. Kakar bana gidajen wasan unguwar Daehangno ta birnin Seoul sun cika da sababbin wasannin waƙa, kowane bango da hotunansa, amma a ƙaramin gidansu na ƙarƙashin ƙasa tsohon zance aka tono. An dawo da Jirgin Gishiri, wasan da iyaye mata suka sha kuka a kansa tun suna 'yan mata. Mutum uku aka ɗauka su riƙa fitowa bi da bi a matsayin matar mai jirgi. Biyu taurari ne, su ke da ƙarshen mako. Dasom ce ta uku, ita aka bar wa Laraba.

'Yan kallo kuwa kamar kullum, sun kafe sai ka ce gawarwaki. Ba tari, ba gyara zama, ba sosa hanci. Wanda ya sako rigar da ke ƙara in an motsa, tun a ƙofa yake tuɓe ta. Haka ake girmama wasa a unguwar, haka Dasom ta taso ta tarar, ba ta taɓa ganin aibunsa ba.

Ta iso waƙar bakin kogi, inda matar ke kiran mijin da ruwa ya tafi da jirginsa, ta kira, ta kira, ba amsa. Ta ja kiran ƙarshe ta riƙe shi har ƙirjinta ya ɗau zafi. Tana sakinsa, sai wata murya mai kauri ta faso duhun daga layin baya.

"Jota!"

Ya yi daɗi ke nan, yadda mutanen kudu ke amsa wa mawaƙi in ya taɓo musu zuciya.

Kawuna suka juya a lokaci guda. Mai piyano ya kusa ɓata. Dasom kuwa wani abu ne ya tsarga mata daga wuya har tafin ƙafa, ta ƙarasa wasan tana neman layin baya da gefen ido.

Da aka tashi ta fito da rabin kwalliya a fuska, ta tarar an yi masa zobe a zauren shiga, tsakanin buhunan shinkafar da masoya ke jerawa da ƙyallen saƙo da sunan tauraronsu, kafin a kai wa marayu. Dogo ne, rana ta gasa shi, hula a hannu, sai sunkuyawa yake yana ba da haƙuri. Wata na cewa ya kashe waƙar, wata na cewa irinsu bai kamata a bar su su wuce tashar Hyehwa da ke bakin unguwar ba. Sunansa Yang Duho, daga garin Gimje can kudu. Injin casar shinkafar mahaifinsa ne ke kawo buhunan, shi ke dakonsu, kuma mai tsaron ƙofa ce ta ga kujera ba kowa ta ce ya zauna ya huta.

Dasom ta ratsa su ta tsaya a gabansa.

"Kai ne?"

"Ni ne. Ki yi haƙuri. Na ji kina ta kira ba wanda ya kula ki, sai bakina ya riga ni."

"Ai haka aka rubuta. Ba a amsa mata."

Ya murza hularsa, ya yi ƙasa da murya. "To wanda ya rubuta bai kyauta ba."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata a gaban kowa. Masu zoben suka watse suna tsaki, wayoyi a hannu, kuma kafin yamma labarin baƙauyen da ya yi ihu a Jirgin Gishiri ya gama gari.

Laraba ta gaba ya dawo, wannan karon da tikitinsa. Ya zauna a kan hannayensa, ya cusa hankici a baki. Ta gan shi, ta kusa yin dariya a tsakiyar kuka. Tana cire kaya saƙonsa ya shigo, don ya roƙi lambarta wajen mai tsaron ƙofa da buhun sabuwar shinkafa.

"Larabata, yau ban ce komai ba. Amma na ce sau bakwai a ciki. Kin ji?"

Ta amsa: "Na ji uku. Sauran hankicin ya cinye. Ɗan shinkafa, ka ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba. Ina jiran wadda za ta nuna min inda mutanen Seoul ke cin abinci ba tare da an hana su tauna ba."

Ta kai shi wata rumfa a lungu inda ake zuba shinkafa cikin romon ƙashi. Ya ɗanɗana, ya ce shinkafar bara ce. Ta ce shi dai ba ya iya yin shiru ko a gaban kwano. A nan ya ba ta labarin gidansu, cewa mahaifinsa ne ke kaɗa wa mawaƙan gargajiya ganga a garinsu, kuma a can in mawaƙi ya buɗe baki aka yi masa shiru, to zagi ne, gara a jefe shi da takalmi. Ita kuma ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, cewa wani lokacin in tana waƙa cikin duhun nan sai ta ji kamar ta mutu ne ba a sanar da ita ba.

Ganyen bishiyar ginko ya yi rawaya ya zube, Laraba na bin Laraba. Ya daina ce mata Dasom-ssi irin na girmama baƙuwa, ta fara ce masa Oppa, wato yayana, amma sai in tana son wani abu. Sukan zauna a bencin filin shaƙatawa na Marronnier, ya ɓare mata gasasshiyar gujiyar dutse da manyan yatsunsa, ya hura ta huce kafin ya miƙa mata.

Kuma muryarta ta sake. Kowa ya ji. Kiran bakin kogi ya zama kiran wadda ta san akwai mutum a ƙetaren ruwa. Tikitin Laraba ya fara ƙarewa, sai dai 'yan kallo ba su san dalili ba, suka ƙirƙiro nasu. Suka ce Min Seowan ne, kyakkyawan tauraron da ke fitowa a mijinta. Suka ce a dubi yadda take kallonsa. Seowan bai musa ba, hasali ma ya fara riƙe hannunta fiye da kima wajen gaisuwar ƙarshe.

Darakta Gye ta kira ta ofis. Mace ce da ta yi shekaru tana riƙe gidan da haƙora, ba muguwa ba ce, ta dai san kasuwarta. Ta ce sabon wasan da za a buɗe da bazara na Dasom ne, ita ce ta farko ba ta uku ba, ita da Seowan. Sharaɗi ɗaya ne. Masoya ba sa yafe wa 'yar wasan da suka gano tana da saurayi, balle a ce saurayin shi ne mai ihun nan. Ta ɓoye shi, ko ta rabu da shi, duk wanda ya fi mata sauƙi.

Dasom ta yi shekaru tana tsaye a bayan wasu tana riƙe musu amshi. Ta fito daga ofis ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da Duho ya zo, ta ce kawai su daina zama a filin Marronnier, sanyi ya yi yawa. Ya dube ta, ya ce to.

Shi kuwa wani abu ne ke cinsa tuntuni. Duk buhunan da yake jerawa a zauren nan, ba ko ɗaya da sunanta. Ranar da aka casa shinkafar gonarsu ta farko, ya ɗauko buhunan da kansa, ya jera su kusa da ƙofa, ya rataya ƙyalle mai rubutun hannunsa: Ga Pyo Dasom. In kin kira zan amsa. Yang Duho, Gimje.

Bai gaya mata ba, so yake ta gani da idonta. Da ya dawo da yamma daga kai wani kaya, ya tarar babu su. A lungun baya ya same su, kusa da kwandon shara, yayyafi na jiƙa ƙyallen. A wurinsu an kafa babban hoton Dasom da Seowan na tallar wasan bazara, goshi da goshi.

Saƙo ɗaya ya tura: "Na ga inda aka ajiye ni. Ba komai, Larabata. Ki yi bazararki lafiya."

Ta kira har wayar ta yi zafi, bai ɗauka ba. Sai wajen mai tsaron ƙofa ta ji abin da ya faru, cewa Darakta ce ta sa aka fitar da su tun kafin ta iso. Ta je lungun ta durƙusa, ta karanta ƙyallen, tawada ta zuba amma ana ganewa. Ta ninke shi ta sa a cikin rigarta. Washegari da sassafe tana cikin motar Gimje.

Ba Duho ta fara tararwa ba, mahaifinsa ne, zaune a dakalin katako yana ɗaure fatar ganga. Tsoho Yang gajere ne mai faɗin kafaɗa, gira kamar tsintsiya. Ta sunkuya ta gaishe shi, ta faɗi sunanta. Ya ce ya sani, ai ita ce mai yi wa gawarwaki waƙa.

Duho ya fito daga ɗakin inji, fari fat da ƙurar dusa, ya tsaya turus. Ta fara bayani, cewa ba ta sani ba, ba ita ta sa ba. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Yarinya, ban ce ke kika ja buhu ba. Amma da sun san ba ki jin kunyarsa, wa zai taɓa su? Shinkafata ba ta kwana a bola, ɗana ma haka."

Duho ya ce, "Baba." Tsohon ya ce ya rufe masa baki, shi da ya je Seoul ya koyo cusa hankici. Sannan ya jawo gangar gabansa ya ce ta rera masa waƙar da ake ta magana. Ta rera a tsakar gidan, kaji na yawo, tsohon na binta da sanda a hankali. Bai amsa ko sau ɗaya ba. Da ta gama ya ce murya akwai, amma tana kira ne tana tsoron kada a amsa mutane su ji. Ya ce ba zai ba da ɗansa ga wadda za ta riƙa shigo da shi ta ƙofar baya ba, ga 'yar mai gidan mai nan a gari, ita ko a kasuwa ta gan shi ihun sunansa take.

Kunnuwan Dasom suka yi zafi. Ta miƙe tsaye sosai.

"Baba, Laraba mai zuwa ce ta ƙarshe a wasan. Ka zo ka gani da idonka ta wace ƙofa nake shigo da shi."

"Ni ba na zuwa makoki sai an yi mutuwa."

"To ka zo ka ga yadda ake tayar da gawa."

Girar tsohon ta motsa. Bai ce zai zo ba.

Duho ya raka ta tasha. A hanya ya riƙe hannunta, ya ce ta yafe masa da ya zarge ta, sannan ya roƙe ta kada ta yi wauta. Ya ce ya san shekarun da ta yi tana jiran bazarar nan, shi zai iya zama a layin baya har tsufa, hankici ba ya ƙarewa. Ta ce masa ita ce ba za ta iya ba.

Ranar Laraba tun kafin a buɗe ƙofa ta ja buhunan da kanta daga lungu, ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a gaban hotonta da Seowan har suka rufe masa rabin fuska. Ta rataya ƙyallen da ta goge da dutsen guga. Seowan ya wuce, ya karanta, ya tambaye ta ko ta san abin da take zubarwa. Ta ce ta sani sarai, ita ta ɗauko shi ai. Darakta Gye ta sauko, ta daɗe tana kallon ƙyallen. Ta ce ba za ta yi kokawa da ita a gaban mutane ba, amma in aka ji ko tari daga mutanenta yau, ta manta da bazara, ta manta da gidan nan. Dasom ta sunkuya ta yi mata godiyar duk abin da ta koya mata, ta wuce ɗakin kwalliya.

Saƙon Duho ya same ta a gaban madubi: "Mun iso. Baba ya ce shinkafarsa ya zo dubawa. Larabata, ba zan yi magana ba yau, ko za ki yi fushi. Ba zan zama sanadin ba."

Ta rubuta: "Oppa, ka rubuta a ƙyalle. Ni dai zan kira."

Gidan ya cika maƙil. Daga dandamali ta hango su a layin baya, ɗan da uban, tsohon ya harɗe hannu cikin kwat ɗinsa na zuwa biki. Wasa ya tafi sumul har bakin kogi. Ta yi kiran farko. Ta yi na biyu. A na uku ta juya wa Seowan da kogin kwali baya, ta fuskanci layin baya, ta saki muryar da ba ta taɓa sanin tana da ita ba.

Sannan ta tsaya.

A rubuce, numfashi ɗaya matar ke yi ta sunkuyar da kai ta juya gida. Dasom ba ta sunkuya ba. Mai piyano ya ba ta mashiga, ba ta shiga ba. Ya sake ba ta, ta ƙi. Ya ɗauke hannunsa. Shirun da mutanen nan ke taƙama da shi ya yi nauyi har ya fara danne su su ma. Tana tsaye, hannu a miƙe, hawaye na bin kwalliya, idonta a kan mutum ɗaya. Duho na zaune a kan hannayensa, hankici a baki, jijiyar wuyansa ta fito, yana girgiza mata kai.

Sai aka ji tafin hannu ya sauka a kan gwiwa, tas, kamar sanda a kan ganga.

"Jota," in ji tsoho Yang, ba da ƙarfi ba ma, amma ba kunnen da bai ji ba. Ya zunguri ɗansa da gwiwar hannu. "Kai, kurma na haifa? Kiranka ake."

Duho ya zare hankicin ya miƙe. Abin da ya fito daga ƙirjinsa har fitilun sama sai da suka san an amsa.

Wasu suka tashi suka fice, fuska a murtuke. Wata ta ce a kira mai tsaro. Amma a layi na biyu wata dattijuwa, cikin waɗanda suka ga wasan tun fitowarsa ta farko, ta rufe fuska da tafi tana kuka da sauti, ba ta ko ƙoƙarin ɓoyewa. Dasom ta ɗaga wa mai piyano kai, ta ƙarasa waƙar tana murmushi, a wurin da aka rubuta kuka.

Wasan bazara ya kuɓuce mata. Darakta Gye ta cika maganarta, ta ba wata. An zagi Dasom a waya har ta gaji ta kashe ta, kuma ba ƙarya, ta yi kuka, kuka mai yawa, a cikin motar shinkafa a hanyar Gimje. Duho ya tsaya a gefen titi ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta share ido ya tambaye ta ko ta yi da-na-sani.

"Na yi," ta ce. "Da na sani, da tun Larabar farko na tsaya jiran amsarka."

Aka ɗaura auren da furannin farko, daidai makon da aka buɗe wasan da ya kamata ya zama nata. Mutanen Gimje suka cika tsakar gidan, iyayenta suka zo daga Seoul suna ta mamakin yadda ba mai barin wani ya gama magana. Ana cikin hidima wata mota ta tsaya a ƙofa, aka sauke buhuna uku na shinkafa da ƙyalle: Daga 'yan Laraba. Duk inda za ki sake waƙa, ki faɗa mana. Mun fara koyon amsawa.

Tsoho Yang ya zagaya buhunan, ya soka yatsa ya ɗebo, ya shinshina. Ya ce lallai mutanen Seoul ba su da kunya, su kawo wa Gimje shinkafa, ta bara ma. Amma shi da kansa ya ja su zuwa bakin ƙofar gaba, ya gyara ƙyallen yadda duk mai wucewa zai karanta.

Da ango da amarya suka durƙusa gaban iyaye, suka kama bakin farin mayafi tsakaninsu, tsohon ya cika hannu da jajayen magarya da gujiyar dutse ya watsa musu, suka tare da yawa har dangi suka hau shewa. Ya dubi Dasom, girarsa na rawa.

"'Yata, ku haifa min masu baki. Gidan nan kada ya taɓa yin shiru. In ɗayanku ya kira, ko cikin fushi ne, ɗayan ya amsa."

Ya jawo gangarsa ya ce amarya ta ba su waƙar bakin kogi. Ta miƙe cikin jan kayanta, ta ja numfashi, ta buɗe baki.

Ba a bar ta ta kai kira na biyu ba.